A Naɗa Su Garkuwan Maƙogwaro

Ranar 11 ga Maris na 2013, ana gobe za a fara aiki da wata muguwar doka a birnin Niyok na Amurka, Allah Ya kawo wa talakawan birnin ɗauki. Wani alƙali mai suna Milton Tingling ya duba dokar sama da ƙasa ya ce ba ta da kai ba ta da gindi, ya soke ta. Mutum sama da miliyan 8 suka kwana da 'yancinsu a hannu. Shekaru sun shuɗe, amma har yau ban ji wanda ya tashi ya gode wa jaruman da suka kai ƙarar ba, wato kamfanonin lemon kwalba da ƙungiyarsu, American Beverage Association, da abokan tafiyarsu masu gidajen abinci da gidajen silima. Butulcin ɗan Adam ke nan. To ni na ɗauki alƙalami don in sauke wannan nauyi a madadin jama'a.

Sai mai karatu ya san girman zaluncin kafin ya san girman taimakon. Dokar cewa ta yi, gidajen abinci da na silima da filayen wasa da masu tura amalanken abinci a bakin titi kada su sayar da lemon zaƙi a kofin da ya wuce oza 16, wato abin da ya kusa rabin lita. Wanda ya karya, tarar dala 200. Ba a hana kowa shan lemo ba. Ba a hana mutum sayen kofi biyu ba, ko uku, ko ya koma a sake cika masa. Abin da aka nema kawai shi ne idan mutum zai ɗura wa cikinsa lita guda ta ruwan sukari, to ya buɗe baki ya ce a ba shi kofi na biyu. Ku duba wannan wulaƙanci! A ƙasar da ta kai mutum duniyar wata, a ce baligi mai hankali sai ya yi magana sau biyu. Kuma wanne hannu zai ɗauki kofi na biyun, alhali ɗayan yana riƙe da soyayyen dankali?

Wanda ya ƙulla wannan makirci shi ne magajin garin birnin na lokacin, Michael Bloomberg, attajirin da kuɗinsa suka hana shi barci har ya koma leƙen kwanon mutane. Ba kuma ranar ya fara ba. Tun hawansa a 2002 ya ɗauko wani likita mai suna Thomas Frieden ya ba shi hukumar lafiya ta birnin, shi kuwa likitan nan yana da wata mummunar ɗabi'a ta ƙidayar gawa. Ya zauna ya duba takardun mutuwa, ya ga ciwon zuciya ne kan gaba wajen kashe mutanen Niyok, maimakon ya ce Allah Ya jiƙan musulmi ya rufe fayil kamar yadda ma'aikaci mai ladabi yake yi, sai ya shiga tambayar me mutanen suke ci. Daga nan fitina ta tashi.

Suka fara da taba, suka kore ta daga mashaya da gidajen abinci a 2003. A Disambar 2006 suka juyo kan wani bawan Allah da bai tsare wa kowa komai ba, wato daskararren man masana'anta. Wannan mai yana da tarihi mai daraja. Tun farkon ƙarnin da ya wuce wani Bajamushe, Wilhelm Normann, ya gano cewa idan aka busa wa man tsirrai iskar haidirojin zai daskare ya yi kamar kitse, kuma a 1911 kamfanin Procter & Gamble ya fito da shi kasuwa da sunan Crisco. Mai ne mai haƙuri. Ba ya saurin yin ɗoyi, biskit ɗin da aka yi da shi zai yi watanni a kanta yana jiran mai saye, a tukunyar suya kuwa a soya a sake soyawa bai ce uffan ba, ga araha. Aibinsa ɗaya ne, ƙarami: yana ƙara mugun kitsen da ke toshe jijiyoyin jini, yana rage mai kyan da ke share su, aiki biyu a tafiya ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta a 2018 cewa yana da hannu a mutuwar mutum sama da rabin miliyan kowace shekara. Amma wa ya taɓa ganin ɗan Adam marar aibi, balle mai?

Masu gidajen abinci sun yi gargaɗi tun da wuri, suka ce soyayyen dankali zai lalace, kek zai rushe, ƙananan 'yan kasuwa za su tsiyace. Ba a saurare su ba. Zuwa Yulin 2008 an gama korar man daga ɗakunan girkin gidajen abincin birnin. Dankali dai bai canja ɗanɗano ba, ko masu ci ba su lura ba, amma wannan ai taurin kan dankali ne. Asarar ta gaskiya sai daga baya ta fito. A 2017 wani bincike da aka buga a mujallar JAMA Cardiology ya gwada ƙananan hukumomin jihar Niyok da suka hana man da waɗanda ba su hana ba, ya tarar masu kwanciya asibiti saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki sun ragu da kashi 6.2 cikin ɗari a inda aka hana. Ku lissafa gadajen da suka zauna ba kowa. Ku lissafa motocin ɗaukar marasa lafiya da suka kwana a gareji, da masu haɗa akwatin gawa da ciniki ya ja musu baya. Wa ya biya su diyya? Kuma cutar ta yaɗu, don a 2015 gwamnatin tarayyar Amurka ta bi sahu, ta ba masana'antu wa'adin zuwa 2018 su rabu da man baki ɗaya.

Ganin an ci wannan ba a yi komai ba, sai hukumar birnin ta ƙara tsaurin ido. A 2008 ta tilasta wa manyan gidajen abinci masu rassa 15 ko fiye su rubuta yawan kalorin kowane abinci a jikin allon farashi, ƙiri-ƙiri, gaban yara. Ƙungiyar masu gidajen abinci ta jihar ta garzaya kotu don kare mutuncin mai saye, domin ta san babu abin da ke ɓata wa mai cin abinci rai kamar ya san abin da yake ci. Daga baya, a ƙarshen 2015, zamanin magajin gari Bill de Blasio, aka zo da wani ɗan baƙin tambari mai hoton kwalbar gishiri, a manna shi kusa da duk abincin da gishirinsa ya kai na yini guda cur, wato miligiram 2,300 na sinadarin sodiyam a faranti ɗaya. Nan ma aka je kotu, nan ma aka sha ƙasa. Jarumi ba kullum yake nasara ba.

Amma da aka taɓo babban kofi a ƙarshen Mayun 2012, sai maza suka ce haƙuri ya ƙare. Nan take aka ga wata ƙungiya ta tsiro mai suna New Yorkers for Beverage Choices, wato 'yan Niyok masu kishin zaɓin abin sha. Ikon Allah, talakawa ne zalla, sai dai kuɗin tafiyar da ita daga aljihun kamfanonin lemo suke fitowa, abin da ke nuna irin tawali'unsu, sun yi aikin alheri sun laƙa wa wasu sunan. Aka ɗauki matasa da riguna iri ɗaya suna tsare mutane a titi suna karɓar sa hannu. Aka yi hayar ƙananan jiragen sama suna jan ƙyalle a saman bakin teku, inda mutane suke shan iska. Wata ƙungiyar kuma, Center for Consumer Freedom, ta sayi shafi guda cur a jaridar New York Times ta buga hoton Bloomberg sanye da rigar mata, wai shi ne uwar reno. Har gangamin mutum miliyan aka kira don kare babban kofi. 'Yan tsiraru ne suka halarta, amma kada a zargi sauran, tafiyar ƙasa tana da wuya ga wanda ya daɗe yana cin moriyar 'yancin.

Na ga wannan 'yanci da idona. Ina da wani amini, mutumin zangon Kumasi, da ya yi shekaru yana tuƙa tasi cikin dare yana zaune a unguwar Bronx. Wani dare na zauna a gefensa muna zagaya gari. Wajen ƙarfe biyu ya tsaya a wani shago, ya fito rungume da kofi kamar ƙaramin bokiti, raɓa tana tsattsafowa a jikinsa, tsinken zuƙa ya yi tsayin muciya. An ma tsuke gindin kofin da gangan don ya shiga ramin ajiye kofi na mota, sama kuwa ya buɗe kamar kwarya. Wannan ita ce hikima, injiniyoyi sun zauna sun yi tunanin direba.

Na ce, "Alhaji, wannan duk kai kaɗai?"

Ya ce, "Malam, ai lissafi ne. Ƙaramin da babban 'yan sulalla ne tsakaninsu. In na sayi ƙarami an cuce ni."

Na ce, "To in ka sha rabi ka zubar da saura fa?"

Ya dube ni kamar na zagi iyayensa. "In zubar da abin da na saya da kuɗina? Almubazzaranci ke nan."

Kafin asuba ya ga bayansa, har yana kaɗa ƙanƙarar yana zuƙo ragowar. Ku duba yadda kamfani ya taimaki mutumin nan ta fuska biyu, ya tsare masa dukiya, ya kuma tsare masa addini.

Shi wannan karamci ba a dare ɗaya aka kai gare shi ba. Kwalbar Coca-Cola ta asali oza 6 da rabi ce, ko kofin shayi na kirki ba ta cika sosai ba, kuma haka kakannin Amurkawa suka yi ta fama da ita shekara da shekaru cikin ƙunci. A 1976 shagunan 7-Eleven suka fito da kofin Big Gulp mai oza 32, daga baya aka kai har oza 64, kusan lita biyu, a hannun mutum ɗaya. A kofin oza 16 ɗin da Bloomberg ya so ya tsayar da mutane a kai, akwai sukari kimanin cokalin shayi 13. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka kuwa, marowata, cewa take yi namiji kada ya wuce cokali 9 a yini, mace 6. A mai oza 32 sai ka ninka. Wane mai shayi ne a duk faɗin ƙasar Hausa zai zuba maka cokali 26 a kofi ɗaya bai ce ka ƙaro kuɗi ba? Likitoci suna ta surutu wai ruwan zaƙi ba ya ƙosarwa, mutum zai sha ya kuma ci abincinsa daidai, ƙiba ta taru, ciwon suga ya biyo baya, mai ciwon suga kuma haɗarin ciwon zuciyarsa ya kusa ninki biyu. To ai wannan yabo ne. Abin sha mai ladabi ke nan, ya shiga ciki bai tare wa tuwo wuri ba.

Masu hassada suna cewa jaruman nan namu ba sa son ilimi. Ƙarya ce, babu mai son ilimi kamarsu, har sayensa suke yi. Tun a shekarun 1960, da aka fara raɗe-raɗin sukari yana da hannu a ciwon zuciya, gidauniyar masu sukari ta Amurka ta ba wasu malaman jami'ar Harvard dala 6,500 su duba lamarin. Malaman suka duba da kyau, a 1967 suka buga a mujallar New England Journal of Medicine cewa kitse ne abin tsoro, sukari kuwa a sassauta masa. Ba a ambaci wanda ya biya ba, saboda sadakar ɓoye ta fi lada. Sai a 2016 wasu masu tone-tone a jami'ar Kalifoniya ta San Faransisko suka zaƙulo wasiƙun suka tona asirin alherin. Ɗaya daga cikin malaman, Mark Hegsted, ya riƙe babban muƙamin kula da abinci mai gina jiki a ma'aikatar noma ta Amurka daga baya. A 2015 kuma aka gano Coca-Cola ta zuba dala miliyan 1.5 wajen kafa wata ƙungiyar masana mai suna Global Energy Balance Network, wadda saƙonta shi ne a rage damuwa da abin da ake sha, a dage da motsa jiki. Da labari ya fita ƙungiyar ta watse kafin shekara ta ƙare, kunya irin ta mutanen kirki. Wani bincike na 2016 ya ƙirga ƙungiyoyin lafiya 96 a Amurka da suka karɓi tallafin Coca-Cola ko PepsiCo tsakanin 2011 da 2015, har da ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga da ita kanta ƙungiyar likitocin zuciyar. A daidai wannan lokaci kamfanonin biyu sun yi kamun ƙafa don daƙile ƙudurorin doka 29 na kiwon lafiya. Hannun dama yana bayarwa, na hagu yana aiki, kowanne bai san abin da ɗan'uwansa yake yi ba.

Inda suka fi burge ni shi ne ƙaunar baƙar fata. A Janairun 2013, ana tsakiyar shari'a, reshen jihar Niyok na NAACP, tsohuwar ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen Amurka, da ƙungiyar Hispanic Federation suka shigar da takarda kotu suna goyon bayan kamfanonin lemo. Dukansu biyu sun taɓa karɓar tallafin Coca-Cola, amma wannan dacewa ce kawai, kada wani ya kawo mini zancen ladan kuturu da aski. Ciwon suga ya fi yi wa baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka ɓarna a birnin, Bronx kuwa ta yi shekaru a jere tana zuwa ta 62 cikin ƙananan hukumomi 62 na jihar a ma'aunin lafiya. Saboda haka ya dace a ce daga cikinsu aka samu masu tsaya wa kofin. Wanda ya fi kowa biyan kuɗin abu ai shi ya fi cancanta ya kare shi.

Kada a ce na ɓoye gaskiya, hujjarsu tana da ƙafa. Dokar Bloomberg ta yi wanka da kamar jirwaye. Hukumar lafiya ta birni ba ta da iko a kan manyan kantuna da shagunan saye-ka-wuce, suna ƙarƙashin jiha, saboda haka shi kansa Big Gulp, uban tafiyar, dokar ba ta taɓa shi ba, sai mai ɗan gidan abincin da ke maƙwabtaka da shi. Abin sha mai yawan madara ya tsira, giya ta tsira. Shi kuma mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi, don jaridu sun ruwaito yana barbaɗa gishiri a kusan duk abin da zai ci, kuma kwana biyu da sanar da dokar, ofishinsa ya fitar da takardar taya murnar ranar donot ta ƙasa. Mutum zai zaci masu ƙorafin a bar wasu a kama wasu za su nemi a faɗaɗa dokar ta game kowa. Jarumanmu sun fi haka zurfin tunani. Rufin da ke yoyo a kusurwa ɗaya, maganinsa a yaye shi duka, kowa ya jiƙe daidai wa daida.

A 26 ga Yunin 2014 babbar kotun jihar ta rufe zancen da rinjayen alƙalai 4 a kan 2, ta ce hukumar lafiya ta wuce gona da iri, yin irin wannan doka aikin majalisar birni ne. Majalisar kuwa ba ta yi ba. Sauran wurare suka ɗauki darasi, rigakafi ya fi magani. Jihar Misisifi, wadda take sahun gaba a yawan masu ƙiba a Amurka, ta yi doka a 2013 da ta hana garuruwanta taƙaita girman kofi ko tilasta rubuta kalori, kada cutar lafiya ta shigo mata ta kan iyaka. A Filadelfiya, bayan an kayar da yunƙurin sa wa lemo haraji a 2010, ƙungiyar kamfanonin ta ba asibitin yara na birnin kyautar dala miliyan 10 don yaƙi da ƙibar yara, ko da yake mutanen garin marasa godiya sun sa harajin daga baya, ya fara aiki a 2017. Gwanintar ƙarshe a Kalifoniya aka yi ta. Da garuruwa suka fara bin sahun Berkeley, wadda ta sa harajin a 2014, kamfanonin suka ɗauki nauyin wani ƙuduri da zai sa kowane sabon harajin ƙaramar hukuma sai ya samu kashi biyu cikin uku na ƙuri'u, abin da zai shaƙe kuɗin 'yan kwana-kwana da na gyaran titi. Sannan suka ce za su janye shi idan aka hana garuruwa sa sabon harajin lemo har zuwa 2031. Gwamna Jerry Brown ya sa hannu a Yunin 2018. Wasu suka kira abin garkuwa da mutane. Ni ban ga daji ba, ban ga bindiga ba, kowa da kwat ɗinsa.

Aminina na Bronx yana nan da ransa, alhamdu lillahi. An zura masa wani ɗan bututun ƙarfe a jijiyar zuciya, kullum da safe yana huda yatsa ya ɗiga jini a wata 'yar na'ura, ga ƙwayoyi a wani akwatin roba mai ɗakuna bakwai, kowace rana da nata. Ya daina tuƙin dare. Da na je gaishe shi a asibiti, muna zaune sai jikansa ya ja shi da rigima, ya ba shi kuɗi, yaron ya ruga ƙarshen baranda inda wata na'ura mai haske take tsaye, ya dawo da kwalba mai sanyi. Na ce a raina, ka ji masu amana, ko a nan ba su yar da shi ba. Kuɗin aikin da aka yi masa kuwa ba su nemi a sa sunansu a takardar biya ba, sun bar wa inshora da gwamnati da 'ya'yansa ladan.

Mu ma nan gida ba a bar mu a baya ba. Dokar kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a Najeriya, wato naira 5 a kwalbar rabin lita, kuɗin da ko almajiri ka miƙa wa sai ya dube ka sau biyu. Duk da haka ƙungiyar masu masana'antu ta yi kuka mai ban tausayi, ta ce ayyuka za su salwanta. Muryar na ji kamar na san ta. Ashe zuri'a ɗaya ce, kuma duk inda aka taɓa maƙogwaron talaka, daga Bronx har Sabon Gari, za ka same su tsaye a bakin ƙofa.

Don haka nake roƙon duk mai hanya zuwa wata fada ya isar da wannan koke, a duba sarautar Garkuwan Maƙogwaro a naɗa su, a haɗa da alkyabba da doki. Kada masarauta ta damu da kuɗin bikin naɗi, su za su biya, har da na marubutan da za su ba da labarin. Abin sha ma kada kowa ya zo da nasa.